ƘASAR DA WURI YA FITO: JAWABI A KAN TSIBIRAN MALDIB DA MASU SHA'AWAR ZUWA CAN



Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa da ya nufe mu da ganin wannan rana. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Bayan haka, shugabanni sun ɗora mana nauyin mu yi bayani a kan wata ƙasa wadda sunanta ya cika bakin yaranmu a 'yan shekarun nan, wato Maldib, wadda za ku ga an rubuta Maldives a jikin tikiti. Kowa ya ga hotunanta a waya: ɗakuna a kan ruwa, rairayi fari fat, ango da amarya suna zaune suna kallon teku. Samarinmu masu zuwa Dubai saro kaya sun fara tambaya ko za su iya ratsewa can, har an fara jin masu lissafin taɓa jari domin kai amarya. To, hana mutum tafiya ba namu ba ne, tafiya ai mabuɗin ilimi ce. Abin da muke so shi ne duk wanda zai je ya tafi da idonsa a buɗe, ya san ƙasar da zai taka, ya san abin da zai biya, ya kuma san inda zai kwana.

Ita wannan ƙasa tana cikin Tekun Indiya ne, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Tsibirai ne ƙanana kusan 1,200 a jere daga arewa zuwa kudu, tsawon sama da kilomita 800, amma idan aka tattara busasshiyar ƙasarsu gaba ɗaya ba ta wuce murabba'in kilomita 300 ba, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na Jihar Legas ba. Tsibiran da mutane ke zaune a kai ba su cika 200 ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum dubu 515 ne a ƙasar har da baƙi ma'aikata, kuma wajen kashi 40 cikin 100 suna cunkushe ne a babban birni, Male, da kewayensa. Harshensu Dibehi, rubutunsu kuma daga dama yake farawa kamar na allo. Agogonsu yana gaban namu da awa 4.

Jama'a, kafin mu shiga maganar otal da jirgi, akwai tsohuwar hulɗa tsakaninmu da mutanen nan wadda da yawanmu ba mu sani ba. Kalmar nan da ba ma wuni ba mu faɗe ta ba, wato kuɗi, asalinta jam'in wuri ce. Shi kuwa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, suka sayi goro da shi, suka biya sadaki da haraji da shi, mafi kyawunsa daga waɗannan tsibirai ya fito. Yadda suke samunsa shi ne su jefa ganyen kwakwa a ruwa, 'yan halittun su manne a jiki, sai a jawo a shanya a rairayi har naman ciki ya ruɓe, a wanke ɓawon a ƙirga. Abin da yake wurinsu kamar tsakuwa, shi ne dukiya a wurinmu.

Shahararren matafiyin nan na Maroko, Ibn Baɗuɗa, ya sauka a Maldib a 1343, har aka naɗa shi alƙali. Ya ba da labarin cewa a can dinarin zinariya ɗaya yana sayen wuri dubu 400, wani lokaci ma fiye. Bayan kamar shekara 10 ya zo ƙasar Mali da Gao, ya tarar ana ba da wuri 1,150 kacal a kan dinari ɗaya. To, 'yan kasuwa ku buga wannan lissafi ku ga irin ribar da ke tsakani. Wannan riba ce ta sa daga baya Turawan Fotugal da Holan da Ingila suka riƙa cika cikin jiragensu da wuri, su kai Turai, su sake lodinsa zuwa gaɓar tekunmu. Kuma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: da yawan wannan wuri bayin Allah aka saya da shi aka ƙetare da su. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851 ya tarar dalar azurfa ɗaya tana daidai da wuri 2,500. Dattawa suna tuna keso, wato wuri dubu 20 a ƙunshe.

Yaya wannan kasuwa ta mutu? Daga wajen 1845 wasu 'yan kasuwar Jamus suka gano wani wuri mai araha a wajen Zanzibar, suka riƙa jibge shi a nan Ikko da sauran tashoshi. Kaya ya yi yawa, daraja ta zube, har ya zamana ladan ɗan dako yana cinye kayan da ya ɗauko idan tafiya ta yi nisa. A 1904 Turawan mulki suka hana shigo da wuri Kudancin Nijeriya, suka kawo anini da kobo da sule. Mutanen Maldib suka dogara da busasshen kifi da suke kai wa Siri Lanka, ita ma a farkon shekarun 1970 ta rage saye saboda ƙarancin kuɗin waje. Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa: sau biyu ke nan abincinsu yana hannun mai saye na nesa, kuma sau biyu mai sayen yana juya baya.

A wannan hali ne aka fara harkar baƙi. A shekarun 1960 wata tawaga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta duba tsibiran ta ce ba su dace da yawon buɗe ido ba, ganin babu ruwan sha isasshe, babu lantarki, babu hanyar sadarwa. Amma a 1972 wani Ba'italiye, George Corbin, tare da wasu samarin ƙasar suka kawo rukunin farko na baƙi, kuma a watan Oktoba na wannan shekara aka buɗe otal na farko mai suna Kurumba, ɗakunan dutsen murjani da rufin ganyen kwakwa. Daga wannan ƙaramin mafari, baƙin da suka shiga ƙasar a 2019 sun kai miliyan 1.7, a 2024 kuma suka haura miliyan 2, wato kusan baƙo huɗu a kan kowane mazaunin ƙasa. Yau wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikinsu daga wannan harka yake fitowa kai tsaye, haka ma mafi yawan dalar da ke shiga hannunsu.

To, a nan ne muke roƙon ku ba mu kunnuwanku sosai. Maldib ƙasar Musulmi ce. Sarkinsu ya karɓi Musulunci a 1153 ta hannun wani malami baƙo, wanda Ibn Baɗuɗa ya ce mutumin Magrib ne mai suna Abul Barakat, kafin nan addinin Buddha suke bi. Tsarin mulkinsu na 2008 ya ce wanda ba Musulmi ba ba zai zama ɗan ƙasa ba. Ranakun hutunsu Juma'a da Asabar ne. Sai ga shi kuma abincinsu yana hannun baƙi masu shan giya da wanka tsirara-tsirara a bakin ruwa. Dabarar da suka yi ita ce suka raba ƙasar gida biyu. Tsibirin da babu kowa a kai sai a ba mai otal haya, tsibiri ɗaya otal ɗaya, can baƙo ya yi abin da ya ga dama. Tsibirin da jama'a ke zaune kuwa, babu giya, babu naman alade. A farkon shekarun 1980, zamanin Shugaba Maumoon Abdul Gayoom, har hana baƙi kwana a tsibiran jama'a aka yi. Sai a 2009 aka sassauta, aka yarda ɗan ƙasa ya buɗe gidan baƙi a garinsu, tsibirin Maafushi ya zama kan gaba a wannan sana'a.

Saboda haka mai cewa zai je Maldib, tambayar farko da za a yi masa ita ce: wace daga ciki?

Idan tsibirin otal ne, wato wanda kuke gani a hoto, to ka sani ka shiga kasuwar da mai shago ɗaya ne. Ba ka da inda za ka leƙa ka sayi ruwa ko abinci da araha, ba ka da hanyar fita sai da jirginsu, abin da suka yanka shi za ka biya. Kwana ɗaya ɗaruruwan daloli ne, wasu wuraren dubbai. Idan tsibirin yana da nisa, sai an ɗauke ka a ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda shi kaɗai kan ci ɗaruruwan daloli a kan mutum ɗaya, kuma ba ya tashi da dare, don haka wanda ya sauka bayan la'asar sakaliya yana iya kwana a Male a kan aljihunsa. Sannan farashin da aka nuna maka sau da yawa bai haɗa da haraji ba. Akwai ladan hidima kashi 10 cikin 100, akwai harajin baƙi wanda ya koma kashi 17 cikin 100 daga Yulin 2025, akwai kuma harajin muhalli dala 12 a kan kowane mutum kowane dare daga Janairun 2025. Alal misali ɗakin da aka ce maka dala 200 ne, kai da iyalinka, in aka ɗora waɗannan sai ya tashi wajen dala 281, ba a yi maganar abinci ba. Kowa ya juya wannan zuwa Naira ya gani. Ban da kuɗi kuma, a wurin cin abinci za ka tarar da giya da naman alade, sai ka tambaya kafin ka ɗiba. Ba lalle ka ji kiran salla ba, ko da yake galibi akwai masallacin ma'aikata a bayan tsibirin, in ka tambaya za su nuna maka.

Idan kuwa tsibirin jama'a ne, ruwan ɗaya ne, rairayin ɗaya ne, kifayen masu launi-launi su ne dai. Ana samun ɗaki mai tsabta a ƙasa da dala 100, harajin muhalli a ƙananan gidajen baƙi dala 6 ne. Za ka ji ladan sau biyar, ka bi jam'i, matarka ta fita da hijabinta babu mai kallonta. Wurin wankan Turawa an keɓe shi an kange a gefe guda. Da safe za a kawo maka abincinsu, kifin tuna da aka marmasa da kwakwa da albasa da barkono, a ci da wata gurasa marar kauri. Kifin nan kuwa da sanda da ƙugiya suke kama shi ɗaya bayan ɗaya, dokarsu ba ta yarda a ja wa tuna taru ba, shi ya sa har yau bai ƙare musu ba. Ana zuwa waɗannan tsibirai da jirgin fito na gwamnati mai araha, ko da kwalekwale mai inji wanda ya fi sauri ya fi tsada, amma a lura jirgin fito ba ya aiki ranar Juma'a. Kuɗinka kuma a hannun mai gida da masunci da mai shago yake faɗawa. A ra'ayinmu, ɗan kasuwa mai iyali wanda ya san zafin nema, nan ne wurinsa.

A masallaci za ku ga ɗan bambanci, kada ya dame ku. An ce da can Malikiyya suke bi kamar mu, daga baya suka koma Shafi'iyya, don haka za ku ji liman yana bayyana bisimilla, ku ga ana ƙunutin Asuba bayan ruku'u an ɗaga hannu. Wanda ya shiga Male ya daure ya ziyarci tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miskiy, wanda aka gina a 1658 da sassaƙaƙƙen dutsen murjani, kabarin malamin da ya musuluntar da su yana daura da shi. Akwai babban masallaci mai ƙubba ruwan zinariya da aka buɗe a 1984, mai ɗauke da sunan Muhammad Thakurufaanu, gwarzon da ya kori Turawan Fotugal a 1573. Kasuwar kifi ma abin kallo ce ga duk mai sha'awar ciniki.

Game da shirin tafiya, babu jirgin da ke tashi daga Nijeriya kai tsaye, sai an bi ta Doha ko Dubai ko Istanbul. Ba a neman biza tun daga gida, a filin jirgi ake buga ta kwana 30 kyauta, amma da sharaɗi: fasfo mai rai, tikitin dawowa, shaidar ka kama masauki, da takardar shiga da ake cikewa ta intanet cikin kwana 4 kafin sauka. Mu da muke fitowa daga Nijeriya dole mu riƙe katin allurar shawara. Kwastan ba sa barin a shiga da giya, ko naman alade, ko gumaka, kuma tun ƙarshen 2024 sun hana sigarin nan na lantarki. Wannan biza ta baƙunci ce kawai, ba a aiki da ita, ba a kasa kaya da ita. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi ya kai ka can aikin otal da irin wannan biza, to ka riƙe kuɗinka. Lokacin rani a can daga Disamba ne zuwa Afrilu, shi ne lokacin tsada. Daga Mayu zuwa Nuwamba ruwa da iska sun fi yawa, farashi kuma yana sauka.

Yanzu bari mu faɗi abin da hoto ba ya nunawa. Kusan duk abin da ake ci a ƙasar nan ban da kifi da kwakwa, daga shinkafa da fulawa da sukari har man fetur, a jirgi ake kawo shi. Ruwan sha a Male daga teku ake tace shi, shi ya sa a Disambar 2014 da gobara ta kama injin tacewa, sai da Indiya ta yi jigilar ruwa a jirgin sama. Sharar birni da ta otal-otal kuwa, tun 1992 ake zuba ta a wani wuri mai suna Thilafushi, har ta zama tsibiri mai zaman kansa. Masu gini da wanke-wanke da dako da yawansu 'yan ci-rani ne daga Bangaladash, kuma mu da muka san zaman baƙunci mun san irin rayuwar da ke bayan wannan ƙyalƙyali.

Babbar damuwarsu ita ce teku kanta. Tsayin ƙasar a kan ruwa bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaici, wato bai kai tsayin mutum ba, babu ƙasar da ta kai ta kwanciya a duniya. Mu nan mun sha ganin teku ta yi fushi ta haura titi a Bar Beach, amma muna da inda za mu ja da baya. Su babu tudu, babu dutse. Ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar tsunami ta ratsa tsibiran, ta kashe sama da mutum 80, asarar da aka yi ta kai wajen kashi 60 cikin 100 na abin da ƙasar ke samu a shekara. Katangar da Japan ta taimaka aka gina kewaye da Male ta rage ɓarnar a birni. Ɗumamar ruwa kuma a 1998 da 2016 ta kashe murjani mai yawa, alhali shi ne garkuwar tsibiran daga igiya, shi ne kuma abin da baƙi ke biya su gani. A 2009 Shugaba Mohamed Nasheed da ministocinsa suka yi taron majalisa a ƙarƙashin ruwa da kayan nutso, domin duniya ta waiwaye su. Sun kuma cike teku da yashi sun gina sabon gari, Hulhumale, wanda aka ɗaga wajen mita 2, aka haɗa shi da filin jirgi da Male da gada a 2018.

Sai maganar da muka ce ku riƙe. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe ƙasar, ba a buɗe ba sai 15 ga Yuli. A wannan shekara tattalin arzikinsu ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya sami wuri, ya sami busasshen kifi, ga shi ya leƙo harkar baƙi. Allah ya taimake su baƙi suka dawo, amma duk wanda ya taɓa riƙe kaya iri ɗaya da mai saye ɗaya ya san irin barcin da ake yi a wannan hali. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga ƙarshe, ga shawararmu ga 'ya'yanmu da ƙannenmu. Wanda Allah ya hore wa, ya sauke farali, ya biya bashi, iyali ba su rasa komai ba, to ya je ya ga ikon Allah, gani ya kori ji. Ya tafi da riba, kada ya tafi da uwar kuɗi. Ya nemi a rubuta masa jimillar farashi da haraji da kuɗin jirgin ruwa kafin ya biya ko sisi. Ya zaɓi masaukin da ba zai ji kunyar faɗa wa mahaifinsa abin da ya gani a ciki ba. In ya sauka cikin jama'a ya mutunta su, kada ya taka murjani ko ya ɓalle shi, kada ya jefa roba a ruwa, domin wannan ruwa shi ne gonarsu. Wanda kuma bai samu hali ba, kada hoton waya ya sa shi cin bashi, amarya ta fi bukatar jarin mijinta ya zauna da ƙafarsa.

Muna roƙon Allah ya kiyaye 'yan'uwanmu Musulmin waɗannan tsibirai daga sharrin ruwa, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan magabatanmu.